Ƙaramar Libarba a Ƙugu: Muhawarar Zauren 'Yan Tudun Wada

Sani Mai Hatsi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, don Allah kada a ɗauke ta wasa. Yaya Bashir, kai na fi nufa, tunda kai ne a Amurka. Kwanaki da muka yi waya ka ce min kana da 'yar ƙaramar libarba da kake sokewa a ƙugu, riga ta rufe, ba wanda ya sani. Ina so ka faɗa min wace iri ce, nawa kuɗinta, yaya nauyinta. Mai sauƙin kuɗi nake nema, wadda ba za ta ja min wando ƙasa ba.

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Sani lafiya? Me ya yi zafi haka da sassafe?

Sani Mai Hatsi: Kawu, ba lafiya ba. Makon jiya muna dawowa daga sayen masara ta can bayan Giwa, magariba ta kawo kai, sai muka ga motar da ke gabanmu ta ci birki. Kafin direbanmu ya juya mun ji harbi. Kowa ya yi ta kansa. Ni dai na tsinci kaina kwance a gonar dawa, fuskata cikin laka, kuɗin mutane ɗaure a cikina, ina jin ƙarar babura suna wucewa. Takalmina ɗaya har yau yana can. Wajen awa biyu na yi ban motsa ba, cinnaku na cizo na kasa ko sosawa. Abin da yake ta yawo a raina a lokacin shi ne, ko allura ba ni da ita. Da ɗaya daga cikinsu ya leƙo gonar nan, sai dai ya ɗauke ni kamar kaza. Tun ranar ba na barci sosai. Ba na so in sake zama haka.

Anti Rabi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sani ashe abin da ya same ka ke nan ba mu ji ba. Sannu. Allah Ya tsare gaba. Mutanen motar gaban fa?

Sani Mai Hatsi: An tafi da mutum huɗu, Anti. Biyu na san su a kasuwa.

Auwal Samaru: Allah Ya kuɓutar da su. Ni wallahi ina bayanka Yaya Sani. An daɗe ana cewa mu yi haƙuri. Yaya Bashir ka ba shi amsa kawai.

Yaya Bashir: Sani ƙanena, sannu da wannan jarrabawa. Yanzu na taso daga aiki, nan Houston dare ne, amma ba zan kwanta ban amsa maka ba. Zan faɗa maka gaskiyar abin da na sani game da bindigar, sannan in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba.

Tawa Smith & Wesson ce, samfurin 642. Harsashi biyar take ci, irin wanda ake kira .38 Special. Jikinta na alminiyum ne, gangar da ke juyawa da bututun kuma ƙarfe ne, shi ya sa nauyinta bai wuce giram 400 da 'yan kai ba. Ka ɗauki ledar fiya wata guda a hannunka, to ba ta kai wannan ba. Bututunta bai cika inci biyu ba. Ɗan ƙarfen bayan nan da ake ɗanawa da babban yatsa a rufe yake a ciki, don kada ya sarƙe da riga. Kamfanin ya fara yin wannan ƙaramin jiki tun 1950, har yau kuma ana saye. Akwai ta kamfanin Ruger mai suna LCR da ta fito a 2009, ta ɗan fi tawa rashin nauyi don wani sashe nata roba ce mai ƙarfi. Akwai Taurus 856 ta kamfanin Brazil, tana cin harsashi shida, kuma ita ce masu ƙaramin ƙarfi suka fi tambaya don ta fi araha. Waɗannan ukun su na jujjuya a hannu kafin in zaɓa.

Auwal Samaru: To ai shi ke nan. Taurus ɗin, tunda shida take ci kuma ta fi sauƙi.

Yaya Bashir: Auwal tsaya, ban gama ba. Abin da mai shago ba zai fara gaya maka ba shi ne, rashin nauyin nan da ake yabo shi ne kuma matsalarta. Bindiga mai nauyi ita ke shanye tokarin harbi. Marar nauyi kuwa tafin hannunka ne zai shanye. Ranar da na fara zuwa filin koyon harbi, kafin in gama harsashi ashirin tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja ya kumbura. Takardar da nake bara kuwa, tana nan gabana kamar daga ƙofar zaure zuwa bakin titi, amma rabin harbina bai taɓa ta ba. Kuma fa da rana ne, a tsaye nake, ba wanda yake harbi na, malami na gefena yana gyara min tsayuwa. Kunamarta tauri gare ta da gangan, don kada ta tashi da kanta, to wajen ja sai bakin ya karkace. Sai da na yi watanni ina zuwa kafin in yarda da hannuna. Kuɗin harsashin da na ƙona wajen koyo ya wuce kuɗin bindigar kanta. Ga kube mai kyau wanda ya rufe kunama, ga bel mai ƙarfi, ga akwatin ƙarfe mai makulli a gida saboda yara. Wanda ya ce maka libarba mai araha ce, kuɗin shago kawai ya lissafa.

Sannan ni doka ta ba ni dama. Ina da katin zama na dindindin, na cika takarda a shagon da ke da lasisi, aka binciki sunana a hukumar FBI kafin a miƙa min. Jihar Texas tun 1 ga Satumba 2021 ta daina tilasta lasisin ɗauka ga wanda ya kai shekara 21, amma duk da haka na je na yi ajin na karɓa, don in san inda aka hana shiga da ita: kotu, makaranta, gidan waya da sauransu. Wannan tsarin Amurka ne, ya samo asali daga kundin tsarin mulkinsu. Ba na Zariya ba ne. Barista tana cikin zauren nan, ita za ta faɗa maka naku.

Sani Mai Hatsi: Na ji Yaya. Amma in ka tashi zuwa gida da sallah ba za ka iya taho min da ita cikin kaya ba? Zan biya.

Yaya Bashir: A'a Sani. Ko da wasa kada ka sake rubuta wannan. Laifi ne a nan, laifi ne a can, ni da kai duka gidan yari za mu ƙare. Kai ɗan'uwana ne na jini, ba zan zama sanadin da za a ɗaure ka ba.

Barista Hadiza: Salamu alaikum. Yaya Sani sannu da abin da ya faru, wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta. Bari in yi bayani a tsanake, don mutane da yawa suna zaton maganar lasisi ce kawai, ka biya kuɗi a ba ka.

Dokar Makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ita ake aiki da ita. Ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu: manyan bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, bindigogin soja, gurneti, kuma a cikin wannan jerin aka rubuta libarba da fistol ɓaro-ɓaro. Wato a idon doka, 'yar ƙaramar da Yaya Bashir ya siffanta layi ɗaya take da bindigar soja. Ba mai ba da izinin riƙe ta sai Shugaban Ƙasa. Gida na biyu shi ne irin na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsa. Gida na uku bindigar toka ce irin ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Hukuncin wanda aka kama da ta gidan farko ba izini kuwa, dokar ta ce ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ba sai ka harba ba, ba sai ka nuna wa kowa ba. Samun ta a jikinka ya wadatar. Ka tuna shingaye nawa ne tsakanin Zariya da Giwa, da kuma sau nawa ake sauke ku a laluba.

Auwal Samaru: To Anti Barista ai sai ya nemi ta gida na biyun.

Barista Hadiza: Ita ma ba a saka ta a ƙugu Auwal, doguwa ce. Sannan a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawan makaman da ke yawo a ƙasa. Duk mai son sanin inda aka kwana yau, ya taka ya je hedikwatar 'yan sanda a Kaduna ya ji daga bakinsu. Kada ya saurari ɗan kamashon da zai ce kawo kuɗi in fito maka da takarda. Na taɓa tsaya wa wani bawan Allah da ya biya irin wannan, takardar ta jabu ce, ya shiga laifi biyu maimakon ɗaya.

Auwal Samaru: Ni wannan ne yake ƙona min rai. Ɓarawon daji yana yawo da AK-47 a kafaɗa da rana tsaka, bai nemi izinin kowa ba. Babban mutum yana tafe da 'yan sanda huɗu a bayan mota. Sai talaka mai neman halak shi ne doka ta sani. A 2021 an shiga Nuhu Bamalli Polytechnic a nan Zariya an kwashi malamai da ɗalibai. A watan Maris 2022 an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Su wa aka ba mu su tsare mu? Ko gwamnati da kanta ai ta taɓa cewa mu nemi bindiga. A 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Matawalle ta fito ta ce mutane su mallaki bindiga su kare kansu.

Barista Hadiza: Haka ne an yi, a watan Yuni na shekarar. Amma ka ƙarasa labarin. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kuma ta fuskar doka gaskiyarsa ne, don kundin tsarin mulki na 1999 ya sa maganar makamai da harsashi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Jawabin gwamna ba zai tsaya maka a gaban alƙali ba.

Zafin da kake ji ban raina shi ba Auwal, ni ma ina ji. Dokar da aka rubuta kafin samun 'yancin kai ba ta san babura ɗari a dajin Birnin Gwari ba. In kana ganin a sake ta, akwai ɗan majalisar da muka zaɓa, a rubuta masa, a matsa masa, ni zan tsara takardar kyauta. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce wa Yaya Sani ya karya ta shi kaɗai, ranar da aka kama shi duk masu zuga shi a zauren nan ba wanda zai kwana a sel tare da shi, matarsa ce za ta riƙa kai tuwo.

Auwal Samaru: Amma ai tsarin mulkin ya yarda mutum ya kare kansa.

Barista Hadiza: Ya yarda. Sashe na 33 ya ambaci kare rai da dukiya daga wanda ya zo da ta'adi, gwargwadon buƙata. Sai dai haƙƙin kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Kotu tana iya wanke ka a na farko ta ɗaure ka a na biyu.

Baba Saje: 'Ya'yana, na karanta duka, jikana ne yake rubuta min ina faɗa. Ku bar maganar doka tukuna, a ɗauka an ba Sani izini yau da hannun Shugaban Ƙasa. Ni a Depot, barikin horar da kuratan soja na nan Zariya, aka horar da ni, na je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, na riƙe bindiga shekara talatin da wani abu. Bari in tambaye ka Sani. Babura nawa ka ji a daren nan?

Sani Mai Hatsi: Baba ban ƙirga ba, amma sun fi goma.

Baba Saje: To kowane babur mutum biyu, wani uku. Kowace AK gidan harsashinta talatin take ci, kuma tana kai wa mutum daga nisan da kai ba ka ma gane fuskarsa. Kai kuma kana da biyar, a bindigar da Bashir ya ce da rana ma da ƙyar ake samun takarda da ita. Ka harba ɗaya daga cikin dawar nan, wutar bakinta ta nuna inda kake. Abin da zai biyo baya shi ne su buɗe wa gonar wuta gaba ɗaya, da kai da duk wanda ya ɓuya kusa da kai. Su nawa ne a gonar?

Sani Mai Hatsi: Mu biyar ne. Har da wata mata da goyo.

Baba Saje: To ka gani. Kwanciyar da ka yi cikin laka kana ganin wulaƙanci ce, ni a wurina aikin soja ka yi. Abin da ake fara koya wa kurtu ke nan, ka kwanta, ka nemi mafaka, kada ka motsa. Yaron da ke bayan matar nan yana raye yau don ba wanda ya yi harbi a cikinku. Wani abu kuma, in suka kama ka suka lalube ka suka samu libarba, ba za su ɗauke ka ɗan kasuwa ba. Jami'i ko ɗan sa-kai za su ɗauke ka, kuma kowa a nan ya san yadda suke yi da waɗannan.

Ita wannan ƙaramar an yi ta ne don mutum ɗaya da ya tare ka a lungu, taku uku tsakaninku. A garinsu Bashir wannan ce matsalarsu. Tamu ba ita ba ce.

Yaya Bashir: Baba ya faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Malaminmu na harbi ma abin da yake maimaitawa ke nan, in akwai hanyar gudu ka gudu. Kuma akwai wani nauyi da ba a auna shi da giram. Tun da na fara ɗauka ba ni da ikon yin fushi a hanya. Wani ya zage ni a danja, sai in ba shi haƙuri ko da shi ne da laifi, don na san abin da ke ƙuguna. Ranar nan 'yata ƙarama ta rugo ta rungume ni, kanta ya bugi abin, ta ɗago ta ce Baba mene ne wannan mai tauri. Na daɗe a zaune a mota bayan nan. Yanzu kafin in cire takalmi sai na kulle ta a akwati.

Anti Rabi: Maganar yara ce ta sa zan sa baki. Shekarata ashirin da biyu ina aikin jinya. Ku maza kuna tunanin ɓarawo, mu kuwa abin da ake kawo mana ya sha bamban. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara tara, yayansa ne ya ciro bindigar tokar babansu daga bayan buhunan gero, suna wasan maharba. Uban ya rantse ba ɗure take ba. Ina riƙe da ƙafar yaron, uwar tana dafe da bango tana kiran sunansa, shi kuma yayan yana tsugune a bakin ƙofa ko kuka ya kasa. An ceci ransa, ƙafar ce ba a ceta ba. Doguwar bindiga ke nan da ke da wuyar ɗauka. Ina ga 'yar ƙarama da za ta shige ƙarƙashin filo? Sani gidanku na gado ne, yara sun fi goma sha biyar suna shiga ɗaki suna fita. Wane akwati za ka saya da ba za su gano makullinsa ba?

Sannan wanda ya kasa samun ta kamfani, ƙirar gida zai koma. Na ga hannun da irin wannan ta fashe a ciki. Yatsu biyu suka rage.

Malam Nuhu: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Auwal, ta ɓangaren addini ba a hana mutum kare kansa ba. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa. Ku dubi kasuwar Sabon Gari ranar da ta cika, yadda ake gogayya kafaɗa da kafaɗa, da yadda ƙaramar magana kan canji take zama dambe. Ku ɗauka mutum goma a cikin taron nan kowa da abu a ƙugu.

Auwal Samaru: Malam na yarda da hadisan. Amma har yanzu ba wanda ya gaya min abin da Yaya Sani zai yi ranar kasuwa mai zuwa. Kowa na cewa kada, kada. To me? Ya zauna a gida yara su ci me?

Kawu Isa: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ya kamata mu tsaya a kai. Baba Saje, Barista, a taimaka.

Baba Saje: Na farko lokaci. Sani ya ce magariba ta kawo kai. Me ya ajiye ku har wannan lokacin?

Sani Mai Hatsi: Lodi ne Baba. Masu ɗinkin buhu suka ɓata mana lokaci, direba kuma ya ce sai mota ta cika.

Baba Saje: To daga yau in la'asar ta yi ba ku tashi ba, ku kwana. Asarar kwana ɗaya ba ta kai ta fansa ba. Na biyu, ku 'yan hatsi kuna da ƙungiya, ku daina tafiya ɗaiɗai. Ku sami mutum amintacce a kowane ƙauye da ke kan hanyar, kafin mota ta tashi a buga masa waya. Mutanen ƙauye suna ganin wucewar babura tun kafin ku ji labari. Na uku, shugabanninku su je wurin DPO da kwamandan 'yan sintirin jiha na yankin, a rubuce, a nemi sintiri a ranakun kasuwa. Mutum ɗaya in ya je ba za a kula shi ba, amma ƙungiya mai mutum ɗari da hatimi ana sauraronta. Ni zan raka ku, har yanzu akwai waɗanda suke jin kunyata.

Barista Hadiza: Ni kuma zan rubuta takardar. Ƙari a kan na Baba, Yaya Sani ka daina ɗaure kuɗi a ciki. Yawancin dillalai yanzu suna karɓar tiransifa, inda ba sabis kuma akwai masu POS a bakin kasuwa. Kada yaran lodi su san nawa ka zo da shi ko yaushe za ka tashi. Lambar 112 kuma kyauta ce, ka sa ta a wayarka tare da ta ofishin 'yan sandan yankin.

Anti Rabi: In kun shirya taron ku ba ni rabin awa. Zan nuna wa direbobi da 'yan kasuwa yadda ake danne rauni da ɗaure hannu ko ƙafa don tsayar da jini. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana daga hanya jini ne yake ƙare musu kafin su iso. Bandeji da tsumma mai tsabta ba wani shinge da zai kama ka a kansu.

Auwal Samaru: Duk na ji, kuma zan zo taron. Amma ni dai ban sauka daga ra'ayina ba, dokar nan tana buƙatar gyara. Ko ba libarba ba, a bar mutanen ƙauye masu gaskiya su riƙe ta farauta da rajista, ƙarƙashin mai unguwa da dagaci. Anti Barista na riƙe alkawarinki na takardar ɗan majalisa.

Barista Hadiza: Ka riƙe. Ka tara min sa hannun mutane, ka zo ofis ranar Litinin bayan azahar.

Sani Mai Hatsi: Na gode muku duka. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Da na rufe ido ƙarar baburan nan nake ji, kuma har yanzu wani ɓangare na raina yana son in ji wani abu mai nauyi a ƙuguna. Amma maganar matar nan da goyonta da Baba ya yi ta tsaya min. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Yaron bai yi kuka ba ko sau ɗaya, uwar ta toshe masa baki da nono har suka wuce. Yaya Bashir ka yafe min abin da na roƙe ka.

Yaya Bashir: Ba komai ƙanena. Rashin barcin nan kuma kada ka raina shi, ka samu Anti Rabi ta haɗa ka da likita. Zan kira ka in na tashi, wajen la'asar ɗinku. Ka turo min sunayen mutum biyun da ka sani cikin waɗanda aka tafi da su ta akwatin sirri, akwai ɗan abin da zan aika wa iyalansu.

Kawu Isa: To an tsayar. Asabar bayan la'asar a zauren Baba Saje. Sani kai za ka kira shugaban 'yan hatsi da direbobi uku ko huɗu. Auwal ka zo da tabarmi daga masallaci. Anti Rabi me za a tanadar miki?

Anti Rabi: Tsofaffin zannuwa guda biyu masu tsabta da 'yan sanduna gajeru kamar tsawon cokali. Sauran zan taho da su.